Ƙwan da Na Jefa Cikin Maiwa

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba irin wawan da yara ke bi da jifa ba, a'a, wanda ya fi wannan haɗari, wato wanda ya kai aji uku a firamare, ya iya rubuta sunansa da na ubansa, ya ɗauka ilimin duniya duk ya ƙare cikin jakar tsummar da ke rataye a kafaɗarsa. Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. To ni nawa ƙuƙumin ba a wuyana kaɗai ya tsaya ba.

Daminar shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama ne, abin da bai dame mu ba, tunda jakunanmu tsakiyar hanya suke bi. Ranar wata Laraba da hantsi, ruwa ya ɗauke, rairayi ya kwanta yana ƙamshi, na fito daga ƙauyenmu da ke bayan Maruda na kama hanyar Gwandu. A kaina ƙwarya ce cike da ƙwan zabi, an shimfiɗa masu ƙaiƙayi an rufe da faifai. A hammatata kaza ce wake-wake, an ɗaure mata ƙafafu da kaba, tana ta haki. Muna hutu, amma sai da na saka rigar makaranta, don duk wanda ya gan ni ya san ba ƙaramin mutum aka aika ba. Ina tafe ina ɗaga kai kamar raƙumi, ina gaida manoma da murya mai kauri. A bayana kuwa, cikin ɗakin kakarmu, ƙanwata Hajo tana kwance a kan tabarma da kumburarrun ƙafafu, kuma abin da aka ce a ba ta shi ne nake ɗauke da shi ina nisanta shi da ita.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka yi.

Gidanmu ba na masu hali ba ne, amma ba a rasa zabi. Baba yana da garke guda, masu surutu da rashin kunya, suna kwana a kan tsamiyar bayan gida, da asuba su sauko su bazu cikin gonaki. Da zarar ruwa ya zauna sai su fara saka, kuma zabuwa ba ta saka a inda ido zai gani. Aikina ke nan a gidan: in laɓe in bi ta daga nesa har ta shige cikin sabara ko ƙarƙashin geza, in jira ta fito ta yi ta ihunta kamar an tambaye ta, sannan in lallaɓa. Ba a sa hannu a sheƙar zabuwa, an ce in ta ji warin mutum ta bar wurin ke nan. Da dogon ludayi ake kwasowa, a bar mata guda don kada ta ga wayam. Na ƙware a wannan sana'a har yaran unguwa na neman in koya masu. Na san ƙwai mai kyau in na ɗaga shi a rana, na san baragurbi tun daga nauyinsa, na san in an tsoma su a ruwa na kirki nutsewa yake yi. Abu ɗaya ne ban sani ba game da ƙwai: ɗanɗanonsa.

Ƙwan gidanmu yana da hanyoyinsa, kuma babu wadda ta bi ta bakin yaro. Wani a zuba wa kaza ta kwanta a kai, don zabuwa ba ta iya reno ba. Wani Inna ta ba yayata Kulu ta kai kasuwa a sayo gishiri da kanwa da kananzir. Wanda ya fi kyau kuwa na baƙo ne. In an yi baƙon kunya, a soya masa da man shanu, ƙamshin ya cika gidan har ya leƙa maƙwabta, mu kuma mu zauna a gindin rumbu muna haɗiyar yawu muna yi kamar wasa muke. In zai tafi a cika masa ƙwarya. Mutumin ƙauye ba ya barin babban baƙo ya fita hannu sake, ko da shi zai kwana da yunwa. Mai tsaron wannan doka ita ce Kaka Ige, mahaifiyar Baba, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai tsinin hanci, wadda ke ce mani mijinta, tana kuma yi mani gori cewa ban taɓa ɗinka mata ko kallabi ba. Ita ce ke cewa, "Yaron da yaɗ ɗanɗana ƙwai, gobe akurki, jibi turke." Ma'ana daga satar ƙwai sai ta kaza, daga kaza sai akuyar mutane. Ta ƙara da cewa ƙwai yana ɗaure cikin yaro, ya zauna masa kamar dutse, mai juna biyu kuma in ta ci ta haifi ɗa mai sanƙo. Ba wanda ya taɓa tambayarta inda ta gani. Ai ita ma haka ta taras.

A makaranta, can cikin Gwandu, akwai wani kwali da aka liƙa a bangon ajinmu, gara ta ci gefensa. An zana kifi, da wake, da kwalbar madara, da wani ƙwai fari sol, ƙato, an tsayar da shi cikin ɗan kofi kamar mai jiran gaisuwa. Malaminmu yakan nuna su da tsumagiya mu yi ta rerawa cewa su ne abinci masu gina jiki, daga nan a duba mana farce da haƙora, a buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin dalbejiya, mu ruga waje mu yi langa. Ban taɓa haɗa wancan farin abu na bango da 'yan ƙananan ƙwai masu ɗigo-ɗigo da nake kwasowa a sabara ba. A wurina abin da ke jikin bango na cikin littafi ne, kamar jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara. 'Ya'yan 'yan kasuwa na cikin gari sukan sayi dafaffen ƙwan zabi su yi wasan gwarawa, kowa ya ƙwanƙwasa nasa a haƙori ya ji taurinsa, wanda nasa ya fashe an cinye shi. Nakan tsaya in kalle su da tausayi, ina cewa a raina ga ɓarayin gobe tun ba su sani ba.

Hajo ita ke bi na, amma da tazara, don waɗanda ke tsakaninmu ba su zauna ba. Yarinya ce mai dariya tun daga ciki, mai wushirya tun haƙora ba su gama fitowa ba. Sunana Mamman ya fi ƙarfin bakinta, sai ta ce Mamma, in na dawo makaranta ta taho tana tangaɗi ta riƙe mani jaka wadda ta kusa kai tsawonta. Babbar ƙawarta a duniya ita ce kazar nan wake-wake. Kazar ce ke ƙyanƙyashe mana 'ya'yan zabi, ta yi ta yawo da su tana taƙama kamar nata ne, Hajo kuma tana bin su da tsaba a hannu tana yi masu faɗa. Ta taɓa ɗaure ɗan tsako a bayanta da tsumma, sai da Kulu ta ƙwace shi da kyar yana numfashi sama-sama.

A bazarar shekarar nan Inna ta samu ciki Hajo ba ta isa yaye ba. Aka ce nonon ya lalace, aka shafa maɗaci, aka ɗauke ta a yini guda aka kai ta ɗakin Kaka. Ba ta gama kukan nono ba ƙyanda ta shigo ƙauyen, ta bi gida gida. Hajo ta tashi daga ƙyandar, amma ba Hajon da muka sani ba. Lokacin kuma rumbu ya ja baya, sabon gero bai nuna ba, abincinmu kunu ne tsararo da tuwo da miyar kuka wadda kake hango fuskarka a ciki, sai kwaɗon tafasa. Kunu da safe, kunu da rana, shi take sha. Gashinta ya yi laushi ya koma ja kamar gemun masara. Sai kumatunta suka ciko, ƙafafu suka yi suntum, mata masu shigowa suna cewa barka, yarinya ta fara mayar da jiki. Ni ma na yi murna. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne wannan ƙiba ba ta dariya. In na dawo daga sabara na ce mata ga Mamma, sai ta bi ni da ido kawai ta kau da kai.

Ana haka malamin asibiti ya zo yi wa yara lamba. Mutumin ƙasar Zuru ne, dogo, baƙi, Kirista, yana aiki a ɗakin shan magani na Gwandu, kuma duk yankin Ɗan Zuru ake ce masa, yana amsawa da fara'a. Ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu, aka fito masa da yara. Da Kulu ta kawo Hajo a kafaɗa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya danna babban yatsansa a bayan ƙafarta, ya ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya daɗe yana kallon ramin nan. Sannan ya juya ga Baba ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, jikinta na neman abin da kunu ba ya da shi. Ya ji kukan zabi a bayan gida ya ce ai ma maganin na nan a gidan. A dafa ƙwai, a murtsuke shi cikin kununta, a ƙara da ƙuli ko wake ko ɗan kifi in an samu, in kuma abin ya ƙi a kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi ba tare da jinkiri ba.

"Guda ɗaya kullum, Malam," in ji shi. "Guda ɗaya tak. Ba shi da wuya."

Baba ya ce to, to, madalla, Allah shi saka da alheri, kamar yadda ake ce wa duk wani babba ko me ya faɗa. Da baƙo ya tashi, Baba ya shiga gida ya sa aka tattaro duk ƙwan da ke cikin tukunyar Inna, aka zuba a ƙwarya, aka ce in bi shi da gudu. Na cim masa a bakin fadama yana tura keke cikin laka. Ya buɗe faifai, ya dube ni, ya dubi ƙwan, ya yi wata irin dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce in mayar, in ce ya gode, amma wannan na ƙanwata ne, a fara yau.

Na dawo da ƙwarya a kai, gidan ya koma kamar an yi mutuwa. A ce an mayar wa mutum kyautarsa! Baba ya zauna a kan turmi ya riƙe haɓa. Na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba. Kaka ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an ba ɗiyar yaye ƙwai ba, cikin da ko kunu ba ya riƙewa ina zai kai dutse, kuma ɗiya mace ce, gidan wani za ta, a kai masu mai ɗan hali a ce daga gidan wa ta fito? Inna tana bakin murhu da cikinta, ta buɗe baki ta ce ko a gwada rabi, Kaka ta yi kamar ba ta ji ba, ita kuma ba ta iya maimaitawa a gaban uwar miji. Sai Kaka ta waiwayo ta gan ni.

"Kai mijina, ɗan boko, taho nan. Ku da kuka karatun su, mi littafi yac ce?"

Jama'a, ba a taɓa tambayata komai a gidan nan ba sai inda na kai ludayi. Ga Baba na kallona, ga Kulu ta tsayar da niƙa. Na ji kaina ya yi girma har yana neman fin wuyana. Na gyara tsayuwa, na sa hannu a baya kamar malaminmu, na tuno kwalin bango. Na ce lalle littafi ya ce ƙwai na gina jiki, amma ƙwan da ke cikin littafi fari ne, ƙato, har kofi ake sa masa. Na Turawa ne. Ba irin namu na zabi ba.

Wallahi ba ƙarya na shirya ba. Haka na gani, haka na yarda. Kaka ta tafa hannu ta ce ai ta sani, boko bai tashi banza ba. Baba ya numfasa, ya ce to yanzu ya gane: mutumin nan kara ya yi mana, irin ta manya, ya ga kyautar ta yi kaɗan ga mai keke da albashi, shi ne ya fake da yarinya don kada ya kunyata mu. Gyaran abin shi ne a ƙara. Aka jira zabi suka ƙara zubawa, aka cika ƙwarya har baki, aka duba akurki ba a ga abin da ya kai a kai wa babban mutum ba sai wake-wake. Da na kamo ta tana kuka, Hajo ta ɗago kai daga tabarma, karo na farko cikin kwanaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Hannu kawai ta miƙo. Na ce mata unguwa za mu, yanzu za mu dawo.

Wannan ita ce tafiyar da na fara ba ku labari. Na isa Gwandu rana ta take, na tarar Ɗan Zuru ya fita ƙauyuka, sai matarsa, wata mai fara'a da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta godiya, ta ba ni ruwa a moɗa. Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da tukuici: dafaffen ƙwai guda, da ɗuminsa, ta saka mani a aljihun rigar makaranta.

Ban taɓa tafiya mai tsawon wannan ba. Ɗumin abin yana dukan ƙirjina kamar wata zuciya ta biyu. Na wuce lambunan rake, na wuce masu dashe a fadama, ina ji kamar kowa ya san abin da ke aljihuna. Da na kai inda gonakin maiwa suka rufe hanya, na tsuguna na ciro shi. Na fasa a gwiwa, na ɓare ɓawon a hankali, ga shi fari fat, santsi, ashe in an tuɓe masa riga shi ma fari ne kamar na bango. Ko wannan bai sa na farga ba. Na shinshina, yawuna ya tsinke, na kai shi har leɓe. Sai na hango kaina an ɗaure ni a kasuwar Gwandu da akuyar mutane a wuya, yara na yi mani ature, Baba na rufe fuska. Na miƙe na yi bisimilla, na wurga shi cikin maiwa iya ƙarfina. Na ji faɗuwarsa, tim, a can ciki. Hajo ba ta ko faɗo mani a rai ba. In ma ta faɗo, ai cewa zan yi na tsare ta.

Na shiga gida ina washe baki na ba da labarin jihadin da na yi da Shaiɗan a hanya. Kaka ta rangaɗa guɗa ta ce yau ta yarda ta yi miji. Baba ya shafa kaina. Inna tana tankaɗe, ta tsaya da rariya a hannu ta dube ni. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mani da maganar ba. Amma na wuce sittin yanzu, na manta fuskokin mutane da yawa, wannan kallon bai tafi ba.

Daga baya Kulu ta faɗa mani cewa Inna ta saci jiki ta roƙo ƙwai a maƙwabta, ta dafa a ɓoye cikin tukunyar ruwan wanka. Amma lokacin bakin Hajo ya riga ya yi gyambo, fatar ƙafafunta na saɓulewa, ko ruwa da kyar yake wucewa. Maganar Birnin Kebbi kuwa ana ta cewa bari a yanke gero. Ranar da aka fara yankan, da safe, ina bayan gida ina korar zabi daga shanya, na ji salatin Kaka. Ba a nemi makara ba. Baba ne ya ɗauke ta a hannu cikin 'yar tabarma, kamar mai kai ta ɗaki ta yi barci. Aka ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce nasa. Sai dai har yau in na ji kaza na kiran 'ya'yanta, nakan tuna na ce mata yanzu za mu dawo.

Kada wani ya zagi Kaka Ige a gabana. Ita ta yi ta goyon Hajo har bayanta ya sage, ita ta daina cin goro bayan rasuwar, ta zauna tana kallon tabarmar da babu kowa. Ta binne nata 'ya'yan tun kafin a haife mu, ta riƙe abin da ta gada don tana ganin shi ne katangar da ta rage mata. Kuma ko dokar tata, da na girma na lura, ba daga sama ta faɗo ba: gidan da ƙwai ne gishirinsa da kananzirinsa, dole a nemo abin da zai tsorata yara. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ni ne dai aka aika in duba damin, na dawo na ce ba irin namu ba ne.

Karatuna bai wuce aji biyar ba, noma ya janye ni, daga baya na bi fataucin shinkafa har na zauna a Kalgo. Ƙwan farko da na ci ina da gemu, a teburin mai shayi, kuma ina sanar da jama'a cewa har yau ban saci ko allura ba. Waɗanda suka kwashe na mutane da manyan motoci kuwa, ban san abin da aka ba su suna yara ba. Yanzu ɗana yana da kajin gidan gona a bayan gari, kullum ana lodin ƙwai kiret-kiret. Ƙwan Turawan da na yi fatawa da shi ya zo har ƙofar ɗakina, manya, wasu farare wasu ja, kuma na fasa na duba, gwaiduwar ma ba ta kai ta zabi kyau ba. Na rama abin da ya wuce ni sosai. Kullum safe a soya mani har mai na kwance, a zuba gishiri da dunƙule, in tura da burodi da shayi mai kauri.

Bara jiri ya kayar da ni a masallaci. Aka kai ni asibiti, wata likita da ba ta wuce sa'ar autata ba ta ɗaura mani abin awo ta ce jinina ya hau. Na ce shi ke nan, da ƙuruciya an hana ni ƙwai don kada in yi sata, da tsufa za a hana ni don zuciya. Ta ce ba ta hana ba. Ƙwai abinci ne mai kyau, in ji ta, ga yara ma ya fi, kuma dafaffe ba ya wahalar da ciki, sai dai ba shi da dusa, in mutum ya dage masa ba ganye ba wake zai sha fama a bayan gida. Gwaiduwa tana da irin kitsen da ake jin tsoro, amma ga yawancin mutane guda a rana ba matsala. Abin da ya fi damunta a kwanona shi ne man da gishirin. Ta ce wannan ma'aunina ne ni kaɗai, kada in je in rarraba wa masu ciwon suga ko waɗanda zuciya ta taɓa bugawa, su zo da ƙafarsu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na yi ritaya daga fatawa. Sannan na tambaye ta abin da ke cin raina da gaske, na kwatanta mata yatsan Ɗan Zuru da ramin da ya ƙi cikowa a ƙafar Hajo, na ce shin da an ba ta ƙwan da ta tashi? Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, in kumburi ya kai haka asibiti ne maganinsa, amma da an fara da wuri da ya taimaka. Na so ta ce a'a. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba.

A majalisarmu ta bakin titi kullum sai an yi gardamar ƙwai. Wannan ya ce rediyo ta ce yana toshe jijiya, wancan ya ciro waya ya ce an ce ya fi nama. In suka gaji su ce Malam Mamman, kai da ɗanka ke da kaji, raba mana. Sai in ce su je asibiti, in ci gaba da jan carbi. Jikokina kuwa sun san in sun shigo gaishe ni sai sun fita da ƙwai a hannu, har wata ƙaramarsu, mai wushirya, ta fara ɓuya in ta hango ni, wai ya gundure ta. Ya gundure ta! Nakan bi ta da kallo tana gudu da ƙafafunta sirara masu ƙarfi, in rasa dariya zan yi ko me. A da ga ƙwai ga yaro, tsoro ya shiga tsakani. Yanzu tsoron ya tafi, tsamiyar ta faɗi, zabin sun ƙare, waɗanda za a ba haƙuri duk suna ƙarƙashin ƙasa.

Saura ni da Kulu. Kwanan baya ta zo daga Gwandu duba ni, ta tsufa ta koma Kaka Ige sak, har tsinin hancin. Muna zaune a tabarma da safe surukata ta kawo mani karin kumallo: koko, da kwaɗon zogale, da dafaffen ƙwai guda yana gangarawa a faranti shi kaɗai kamar maraya. Na ga na samu 'yar kallo, sai na gyara murya na fara. Na ce Yaya ki gani fa, gida cike da kaji, ana fitar da ƙwai a mota, amma mai gidan an sa shi a ma'auni kamar ɗan kurkuku. Na ɗaga shi sama na juya shi a rana, yadda nake yi a sabara, na ce don Allah ƙwai guda ɗaya me zai yi wa mutum?

Kulu ba ta ɗago daga kofin kokonta ba.

"Guda anka ce a ba Hajo, Mamman. Guda kuma anka ba ka."